Godiya ga mutanen fadamar Baturiya ta jihar Jigawa

Alhamdu lillahi, an sallame ni, ina gida. Abin da ya faru a daren da kwale-kwalenmu ya kife muna ƙirgen kwaɗi kowa ya ji, ba sai na maimaita ba. Jikin da sauran gajiya, ku yi min uzuri kan saƙonnin da ban amsa ba.

Bawan Allahn da ya fizgo ni daga cikin kachalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ƙafata a harɗe, ruwa na shiga bakina, sana'arsa kamun burduddugi ce, ya busar a kai kudu. Wato irin wanda ake cewa aikina zai toshe masa hanyar abinci. Ya hana ni faɗin sunansa, amma duk unguwar masunta an san wa nake nufi. Da ya zo duba ni, sai ya zaro littafina daga aljihu. Ashe da asuba ya koma ya tsamo shi, iyalinsa ta shanya shi shafi-shafi a kan faifai. Ya ce, "Malam, ga ƙirgenka, kar wahalar ta tashi a banza." Wallahi kasa magana na yi.

Shi ne dama ya nuna min cewa manyan kwaɗin sai an yi nisa yanzu ake samunsu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, Challawa ta biyo a 1992, ruwan da ke cika fadama ya ragu, kachalla ta toshe hanyoyi, ga maganin feshi, shi kuwa kwaɗo ta fata yake zuƙar duk abin da ke ruwa. Baturiya ta shiga jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci na duniya, a 2008, amma masu saninta ciki da bai su ne waɗannan mutanen.

Bulama, Allah ya ja zamaninka. Sarkin Ruwa, Allah ya ƙara girma. Hedimasta da 'yan aji biyar, na samu saƙonku cewa talibamban ɗin bokitinmu sun fitar da ƙafafun baya. Ku riƙa canza musu ruwa, ran Asabar in Allah ya yarda tare za mu mayar da su kududdufi.

'Yan'uwan da suke cewa mai digiri ya ƙare a bin kwaɗi, ko waya ban gani ba. Ba komai.

Wanda ya kawo kunu, wanda ya kwana a tabarma a gefena, wanda ya yi addu'a daga nesa, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a, ya jiƙan magabata, ya tsare masu shiga ruwa dare da rana, ya ba mu damina mai albarka. Amin.