Shekara biyu a bayan motar asibiti kafin na shiga karatun faramedik

Ɗan yayata ya kira ni kwanakin baya daga birnin Filadelfiya na Amurka. Ya gama kwas ɗin EMT, wato ma'aikacin agajin gaggawa na motar asibiti, ya ci jarrabawa, takardar ba ta ko yi wata biyu a hannunsa ba, amma har ya cike fom ɗin shiga makarantar faramedik, matakin da ke sama da EMT. Ya ce, "Kawu, me zan tsaya jira? Gara in yi ta gaba ɗaya in huta." Na ce masa ya ba ni kwana biyu in zauna in rubuta masa amsa, don maganar ta fi ƙarfin waya.

A Amurka aikin agajin gaggawa hawa-hawa ne. EMT shi ne matakin da yawancin mutane ke farawa da shi, kwas ne na sa'o'i 150 zuwa 200, cikin 'yan watanni an gama. An yarje masa ya ba da iskar oksijin, ya tsayar da jini, ya ɗaure karaya, ya danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, ya kuma ba da 'yan magunguna irin su asfirin, da sukarin baki, da nalokson da ake fesa wa wanda ƙwaya ta danne masa numfashi. Faramedik kuwa sai ya yi sa'o'i 1,200 zuwa 1,800. Shi ke sa allura a jijiya, ya yi ƙarin ruwa, ya zura bututu a maƙogwaro, ya karanta zanen bugun zuciya, ya ba da manyan magunguna. Wasu makarantu sai ka kawo shaidar ka yi aiki wata shida ko shekara kafin su karɓe ka, wasu kuwa kana fitowa daga kwas ɗin farko za su buɗe maka ƙofa.

Ni ma da farko hanyar da yaron ke so na so bi. Rashin kuɗin makaranta ne ya tsayar da ni, na nemi aiki a wani kamfanin motocin asibiti a unguwar Bronx ta birnin New York. Yau ina gode wa Allah da ya tsara mini haka.

Watannina na farko ban ga hatsari ba, ban ga harbi ba. Masu wankin ƙoda muke ɗauka daga gida zuwa cibiyar wankin, sau uku a mako, su yi wajen sa'a huɗu a kan na'ura, mu koma mu maido su. Sababbin ma'aikata da yawa sun raina wannan aiki, suna cewa ai direban tasi ne kawai da inifom. A nan na koyi auna hawan jini mota na tafiya, titi na jijjiga, kunne ba ya jin komai sai ƙarar inji, har dole ka koyi ji da yatsa a wuyan hannu. A nan na koyi tambaya kafin in ɗaura wa mai wankin ƙoda ma'auni, domin hannun da aka yi masa aikin haɗa jijiya ba a matse shi. Mafi girma kuma, ganin mutum ɗaya sau uku a mako ya koya mini yadda fuskarsa take ranar da yake lafiya, don haka ranar da ta canza ido kan gane tun kafin a buɗe jaka.

Akwai wata dattijuwa da ke hawa na biyar a wani gini marar lif. Wata Litinin muka je ɗaukarta, muka same ta zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu. Na maƙala mata na'urar auna oksijin a yatsa, ta nuna 95, adadin da ake ɗauka lafiya lau ne, na rubuta, na juya zan buɗe kujerar da muke saukowa da marasa lafiya daga bene. Abokiyar aikina, wadda ta kusa shekara ashirin a kan mota, ba ta ko kalli na'urar ba. Ta durƙusa gaban matar ta tambaye ta ya ta kwana. Matar ta kasa haɗa kalma huɗu ba tare da ta tsaya jan numfashi ba. Sai abokiyar aikina ta ce in ƙirga numfashinta na minti guda cur, in daina kallon yatsa. Ya haura 30, ya wuce ƙima sosai. Na sa abin sauraro a bayanta, huhu sai ƙara yake kamar ana tafasa ruwa. Ashe ba ta je wankin ranar Juma'a ba, ruwa ya taru. Muka sa mata oksijin, muka nemi motar faramedik, muka wuce asibiti maimakon cibiya.

Bayan mun miƙa ta, abokiyar aikina ta ja leɓenta na ƙasa ta nuna mini, ta ce baƙar fata ba ta nuna ƙarancin iska a kumatu, a dasashi da cikin leɓe da cikin fatar ido ake dubawa. Hotunan da ke littafin da na karanta kusan duk na fararen fata ne. Sai a 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka buga sakamakon da ya nuna na'urar yatsan nan tana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙe kusan ninki uku fiye da fararen fata. Da na karanta, matar nan ta hawa na biyar ce ta faɗo mini a rai, da wadda ta durƙusa gabanta.

Da na koma motar da ke amsa kiran 911, lambar neman agajin gaggawa a Amurka, sai na shiga wata makarantar. A New York motar matakin farko EMT biyu ne a ciki, ta manyan ayyuka faramedik biyu, kuma sau tari mu ke riga su isa. In zuciyar mutum ta tsaya, abin da ke riƙe da ransa kafin kowace allura shi ne dannan ƙirji: sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin kamar santimita 5, a canji hannu duk minti biyu saboda gajiya na rage ƙarfi ba ka sani ba. Faramedik ɗin da bai taɓa zufa a kan wannan ba, ba zai gane lokacin da hannun yaransa ya fara sanyi ba. Haka in aka kira mu ga mai shanyewar ɓarin jiki, babban abin da likita ke jira daga bakinmu shi ne ƙarfe nawa aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, domin maganin narkar da gudan jini yana da iyakar sa'a huɗu da rabi. Samo wannan amsa daga bakin iyalin da suka ruɗe, kowa na magana lokaci guda, ba a koyonsa a aji.

Kiran da ba na mantawa ya zo ne cikin azumi, shekarar da ya faɗo lokacin zafi, ana shafe sa'o'i 16 kafin a sha ruwa. Wani dattijo ne mai ciwon suga, bayan la'asar, gumi ya jiƙe masa riga, hannu na rawa, magana na sarƙewa. Muna shiga na ji matarsa na cewa, "Alhaji, don Allah ka sha ko ruwa ne." Bronx akwai Hausawa da yawa, na Gana da na Nijar da na Najeriya, amma ba kullum ake katari ka shiga gidansu da inifom ba. Na auna sugansa, ya yi ƙasa da 70 sosai. Yana iya haɗiya, yana kuma gane mu, don haka sukarin baki zai wadatar. Amma ya kawar da kai, ya ce saura sa'a uku a sha ruwa, ba zai ɓata azuminsa ba. Doka ba ta ba mu damar tilasta wa mai hankalinsa ba, kuma in muka jira, hankalin ne zai tafi.

Na ajiye jaka na durƙusa na ce, "Baba, sannu da jiki. Ni ma da azumi a bakina." Ya ɗago ya dube ni da kyau, ya tambaye ni ɗan ina ne. Na faɗa masa. Na ce, "Baba, kun fi ni sani, Allah da kansa ya sauƙaƙa wa mara lafiya ya rama a wasu kwanaki. Wannan ba ganganci ba ne, lalura ce." Ya yi shiru, sannan ya miƙo hannu ya yi bisimilla. Cikin minti goma idonsa ya washe, har yana yi wa matarsa faɗan ba ta ba baƙi wurin zama ba. Faramedik zai iya sa masa sukari ta jijiya bayan ya suma, amma ba sai an kai can ba. Daga ranar na daina ganin gaisuwa da durƙusawa a matsayin ɓata lokaci. Daga baya a makaranta aka ba mu tarihin Freedom House, ƙungiyar motocin asibiti da aka kafa a birnin Pittsburgh a 1967, inda Dakta Peter Safar ya horar da baƙaƙen unguwar Hill District suka zama cikin faramedik na farko a ƙasar. 'Yan unguwa ne da ke shiga gidajen mutanen da suka sani, kuma na gane abin da hakan ke nufi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A wannan aiki za ka ɗauki yaron da bai kai ɗanka ba, ka yi iya yinka, rai ya yi halinsa, sannan rediyo ta kira ka zuwa wani gidan. Gara mutum ya san ko zuciyarsa za ta ɗauka tun bai ci bashin kuɗin makaranta ba. Na ga waɗanda suka bar aikin cikin wata huɗu, ban kuma ga laifinsu ba.

Ba na cewa duk wanda ya wuce kai tsaye ya lalace. Na yi aiki da irinsu masu kyau ƙwarai. Daɗewa ma tana da nata aibin: albashin EMT kaɗan ne, baya na gajiya da ɗaukar mutane a bene, kuma wanda ya shekara biyar tare da malalacin abokin aiki yakan kwashi halinsa, ya riƙa rubuta numfashi 16 bai ƙirga ba. Amma a ajinmu na faramedik bambancin a fili yake. Ranar da aka fara kai mu aikin gwaji, waɗanda ba su taɓa hawa mota ba suna fama da abu biyu lokaci guda, lissafin magani da kuma yadda ake shiga ɗakin baƙo a yi masa magana. Mu kuwa guda ɗaya ya rage mana.

Abin da na rubuta wa ɗan yayata shi ne ya yi shekara ɗaya aƙalla, ya fara da masu wankin ƙoda, sannan ya nemi motar 911, ya kuma liƙe wa tsohon hannu mai ƙirga numfashi da agogo. Bai ji daɗin amsar ba, amma ya ajiye fom ɗin. Makon jiya ya kira ni da daddare bayan ya tashi aiki, ya ce wani tsoho da yake ɗauka duk Talata da Alhamis da Asabar yau bai yi masa barkwancin da ya saba ba, sai ya sake auna shi, ya kuma shaida wa nas tun kafin a ɗora shi a kan na'ura.