Abin da wata mage ta koya min a wajen aiki

Wata na huɗu kenan ina koyon aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi nan cikin Katsina, yawanci tumaki ne da awaki da kaji ake kawo mana, mage kam sai a yi sati biyu ba mu ga ko ɗaya ba. To ran wata Talata sai wata Hajiya daga wajen Ƙofar Ƙaura ta aiko yaronta da mage a cikin kwali, wai ta ji ciwo a ƙafa. Tun kafin a buɗe kwalin kake jin hucinta. Da na leƙa, kunnuwa sun kwanta baya, baƙin ido ya buɗe gaba ɗaya, jela ta kumbura kamar tsintsiya. Ga rediyona na ta yi a kan tebur, ga janareton maƙwabta, ga tunkiya na kuka a bakin ƙofa.

Likita ya ce min, kashe rediyon nan ka rufe taga. Ya lulluɓe kwalin da tawul, ya kunna wani sauti a wayarsa can ƙasa-ƙasa, ya ce kar wanda ya taɓa ta sai bayan minti goma. Ni a kunnena ma ba kiɗa ba ne, kamar goge ake ja a hankali, a ƙarƙashi kuma akwai irin ɗan gurnanin nan da mage ke yi in ta samu natsuwa, wanda kakata ke cewa tasbihi take.

Da muka ɗaga tawul ta bar huci. Ba wai ta zama rago ba fa, sai da ta kai min yakushi ɗaya a yatsa, amma dai an wanke ciwon an yi allura ba tare da mutum uku sun danne ta ba, kuma wallahi abin ya tsaya min a rai.

Daren ranar na zauna na yi ta karatu a kai. Ashe mage na jin sauti har wajen Hz 64,000 (Hz shi ne ma'aunin kaifin sauti), mu kuwa iyakarmu 20,000, to ka ga abin da nake kira rediyo a hankali ita kasuwa ce a cikin kanta. A 2015 Charles Snowdon na jami'ar Wisconsin a Amurka da wani makaɗi David Teie sun gwada maguna 47, kiɗan mutane bai wani dame su ba, amma wanda aka tsara shi a kan saurin gurnaninsu da tsotson nono har zuwa suke suna goga jiki a sifika. A 2019 kuma jami'ar jihar Luwiziyana, ita ma a Amurka, ta gwada maguna 20 lokacin duba lafiya, a lokacin da aka kunna musu irin wannan sautin sun fi natsuwa kuma sun fi daɗin riƙewa, duk da dai gwajin jini bai nuna bambanci ba.

Abin da ya fi damuna shi ne da can in dabba ta yi gardama ƙarfi kawai nake ƙarawa, ban taɓa tsayawa na saurari ɗakin da kunnenta ba. Yanzu ko akuya aka kawo rediyo nake fara kashewa.

Da yaron ya dawo da magen a canza bandeji ya ce Hajiya na son sautin. Na tura masa, na ce ya gaya mata kar a kai wayar kusa da kunnen magen, a rage murya sosai, kuma a bar ƙofa a buɗe, in ta tashi ta fita a ƙyale ta.