Yadda Na Sake Tsara Kayan Ɗaurin Ƙudan Fatsa Don Zuwa Aji

'Yan'uwa masu koyon wannan sana'a, a wannan karon rahotona ya shafi jakar da nake ɗauka zuwa aji ne, domin tun da aka fara neman in riƙa nuna wa sababbin shiga yadda ake ɗaura gashin tsuntsu a jikin ƙugiya har ya yi kama da ƙwaron da kifi ke ci, wato abin da muke kira ƙudan fatsa, na gane cewa kai kayan wurin lafiya aiki ne mai zaman kansa.

A zama biyu na farko na kwashi kusan duk abin da na mallaka cikin babban akwati guda, kowane iri a ledarsa. Lokacin koyarwa ya tafi wajen lalube, kuma da na dawo gida na tarar gashin wuyan zakara, wanda ya fi komai tsada a wurina, ya lanƙwashe saboda mariƙin ƙugiya, wato ƙarfen da ke damƙe ƙugiya yayin ɗauri, ya kwanta a kansa. Tururin ruwan zafi ya miƙar da yawancinsa, amma wanda ya karye a gindi ya tafi ke nan.

Yanzu ina shirya kaya ne bisa ƙudan da za a ɗaura a ranar. Idan darasin na kwaikwayon tsutsar ruwa ce irin wadda Frank Sawyer ya ƙirƙiro a Ingila, wadda a asalinta ba ta buƙatar komai sai gashin bindin tsuntsun fezant da siririyar wayar jan ƙarfe, to kowane ɗalibi yana samun ƙaramar leda mai zif ɗauke da ƙugiya biyar masu lamba 12, da gashin da zai ishe shi, da waya, da ƙuda guda da na riga na ɗaura domin ya riƙa kwatantawa. Na zaɓi lamba 12 ne saboda a lissafin ƙugiya, yadda lamba ke hawa haka ƙugiyar ke ƙanƙancewa, kuma hannun da bai saba ba yana shan wahala da lamba 16 ko 18. Ina ƙara leda biyu a kan yawan waɗanda suka yi rajista. Sauran kayan suna zama a gida.

Wajen jera jaka, ƙarfe yana ƙasa: mariƙin ƙugiya, da almakashi wanda nake sa wa bakinsa guntun tiyo, da mariƙin zare. Fatun da ke da gashi suna kwanciya a miƙe tsakanin kwali biyu masu tauri a can sama. Kowane kwarkwaron zare ina maƙale bakinsa kafin in ajiye, in ba haka ba ya warware ya sarƙe da na kusa da shi. Ƙugiyoyi da 'yan ƙwallayen ƙarfe da ake sa wa kan ƙuda suna cikin akwati mai ɗakuna wanda kowane ɗaki ke da murfinsa, kuma a kan tebur nakan shimfiɗa farantin maganaɗisu, domin ƙugiyar da ta faɗi ƙasa a ɗakin da yara ke zirga-zirga haɗari ce ta gaske. Gam ɗin da ake shafa wa ƙullin ƙarshe yana tsaye cikin leda biyu, shi kuwa irin wanda ke daskarewa da hasken fitila ta musamman ina naɗe shi da baƙin ƙyalle, tunda hasken rana ma yana daskarar da shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a watannin nan shi ne asu. Tsutsar asu da ta ƙananan ƙwarin da ke cin darduma suna rayuwa ne a kan gashi da fata, kuma a wurin aji ne kayan mutane daban-daban ke cuɗanya a tebur ɗaya, wani kuma ya miƙo maka fiffiken tsuntsu kyauta da zuciya ɗaya ba tare da ya san abin da ke cikinsa ba. Saboda haka duk abin da ya fita gida, da duk abin da aka ba ni, ba ya komawa cikin ajiya kai tsaye. Ina rufe shi a leda, in sa shi a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri har mako guda, in fito da shi ya kwana biyu, sannan in mayar da shi wani makon, domin abin da ya tsira a zagayen farko ya mutu a na biyu. Alamar ɓarna ita ce gari-gari a gindin leda da gashin da ke zubewa da kansa. Na daina amfani da kafur saboda warinsa yana kama kaya, kuma shaƙarsa a rufaffen ɗaki ba ta da kyau. Don danshi, wanda ke kawo tsatsa ga ƙugiya da fumfuna ga fata, 'yan ƙunshin silika masu tsotse laima sun wadatar, muddin kayan sun bushe sarai kafin a rufe su.

Wanda zai ƙetare iyakar ƙasa da kayansa ya bincika dokokin shigar da gashin tsuntsu tun kafin tafiya. Gashin zakaran dajin Indiya mai ɗigo-ɗigo, alal misali, yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, kuma ba a wucewa da shi sai da takarda. Na roba da ake sayarwa a madadinsa ya isa koyarwa.

A zama na gaba zan gwada ƙuda mai gashin barewa, wanda ke cika tebur da tarkace idan ana aske shi, don haka na ɗinka ƙaramar jakar shara da za ta rataya a ƙarƙashin mariƙin ƙugiya. Zan sanar da ku ko ta kama tarkacen yadda nake fata.