Ranar da aka ɗaga tsaron tashar jiragen ruwa zuwa mataki na uku

Dokar ISPS ta tsaron jiragen ruwa da tashoshinsu a duniya, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2004, ta kasa tsaron tashar jiragen ruwa gida uku: na yau da kullum, na ƙarin barazana, sai na uku idan ana sa ran hari kowane lokaci. Gwamnati ce ke ayyana matakin, ba kyaftin ɗin jirgi ba. A Najeriya NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa, ke sa ido kan dokar.

A mataki na uku ana rage ƙofofin shiga, a dakatar da lodi da saukale, a ƙara sintirin kwale-kwale, masu nutso kuma su duba gindin jirage. Jirgin da ke neman shigowa sai ya faɗi tashoshi 10 da ya tsaya na ƙarshe.

Matsalar takan taso ne a wajen katangar tashar. Rufe ƙofar tashar Apapa ta Legas kwana biyu, ka ga tireloli da tankokin mai sun yi cincirindo a hanyar Oshodi, su ma sun zama abin hari. Kuɗin jinkiri na hawa, kifin da ke kwantenar sanyi na lalacewa idan wuta ta ɗauke. Shi ya sa ba a daɗewa a wannan matakin.