Gangar Da Ba Ta Jiran Kowa

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Kaduna. Shekara da shekaru ina koyar da juyin masana'antu na Ingila, yara suna hamma. Bara da aka ɗora mini shirya wasan ƙarshen zango, sai na ce bari in sauke darasin daga allo in kai shi dandamali, a yi shi wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe.

Labarin na wata yarinya ce 'yar shekara takwas a masaƙar auduga a yankin Lankasha, tsakanin 1832 da 1833. Aikinta rarrafe ƙarƙashin injin kaɗi yana cikin tafiya, tana share burbushin auduga. Yayarta kuma tana ɗaura zaren da ya tsinke. Ban mayar da su Hausawa ba. Na bar su a garinsu da sanyinsu da hayaƙinsu, bakinsu kawai na juya zuwa Hausa.

Cikin mako uku na rubuta waƙa bakwai, kuma duk sun yi daɗi. Nan matsalar take, ni kuwa ban gani ba. Ta farko waƙar tashin asuba ce, ta mutumin nan da ma'aikata suke biya ya bi layi da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa tagogi, tunda talaka ba shi da agogo. Kafin a yi kwana biyar yara sun haddace ta, suna rera ta a hanyar gida har da rangaji. Kaina ya kumbura. Sai ranar wani gwaji na ga yarinyar da take fitowa a matsayin yayar tana rera baitin da inji ya datse wa ƙanwarta yatsu biyu, tana murmushi, ƙafarta na bin kiɗa. Da na kunna wa maiɗakina abin da na ɗauka a waya, ta saurara zuwa ƙarshe, ta ce, "Malam, wannan ai waƙar kamu ce."

Na kwana ina juya maganar. Ashe a kan karin waƙoƙin daka na gina komai, don su ne waƙoƙin aiki da kunnena ya tashi da su. Amma mai daka ita ke riƙe da taɓaryarta. In ta gaji ta sassauta, in nishaɗi ya zo ta yi lugude, ta cilla taɓarya sama ta tafa. A masaƙa ba haka ba ne. Injin tururi ɗaya ke juya ƙarfen da ya ratsa ginin, bel-bel suna ɗaukar ƙarfinsa zuwa kowane inji, kuma ba ruwansa da wanda barci ya kama. Yaro na iya shiga tun ƙarfe biyar ko shida na safe, ya yi awa goma sha biyu ko sha huɗu yana bin saurin da ba shi ya zaɓa ba. Wannan ne abin da zaƙin waƙoƙina ya haɗiye.

Gyaran bai zo daga alƙalami ba. Makaɗinmu ɗan aji shida ne, gwanin kalangu, kuma kamar kowane makaɗin kirki, mawaƙi yake bi: a ja numfashi ya jira, a tsawaita murya ya raka. Na karɓe kalangun na ba shi ganga, na ce bugu ɗaya zai riƙe, kada ya jira kowa. Ya ce, "Malam, za su faɗi fa." Na ce su faɗi. Kwana biyu yana fama da hannunsa, don tausayi ya riga ya zauna masa a yatsu. Da ya iya, sai waƙoƙin nan da ban canza musu ko kalma ɗaya ba suka zama wani abu dabam. Masu amshi suna haki, ƙarshen baiti yana guntulewa, murmushi ya ɓace da kansa. Muka sa kafinta ya buga wa tsofaffin takalma tafin katako, irin wanda ma'aikatan Lankasha suke sawa, yara ashirin suna taka shi a kan dandamalin katako. Ƙarar inji ke nan, ba mu sayi komai ba.

Wata dabara kuma ta kusa ja mini abin kunya. Na sa a yaga auduga a gaban fanka don a ga ƙurar da ke cin huhun ma'aikata. Minti uku ba a yi ba wata mai asma ta fara shaƙewa. Muka kashe fanka, muka koma ga tari na wasa.

Uwar yaran ta fi kowa ba ni aiki. Ɗalibar da ta hau matsayin ta mayar da ita muguwa, tana tashin 'ya'yanta da tsawa, don a ganinta uwar kirki ba za ta tura 'yar shekara takwas ƙarƙashin inji ba. Sai da muka zauna na bayyana mata cewa mijin matar masaƙin hannu ne, sana'ar da kuɗinta ya yi ta zubewa a waɗannan shekaru har ta daina ciyar da gida, kuma 'yan sulallan yaran su ne kuɗin haya da burodi. Na rubuta mata waƙa ta takwas, ita kaɗai ce babu ganga a cikinta. Ta rera ta a zaune, tana shafa wa ƙaramar mai a gwiwa.

Akwai abin da na bari a waje, har yau yana damuna. Wani yaro ya tambaye ni inda audugar take fitowa. Mafi yawanta daga gonakin jihohin kudu na ƙasar Amurka ne, bayi baƙaƙe ke tsinkar ta. Shi kansa Richard Oastler, mai fafutukar rage wa yara awoyin aiki, da ya rubuta wasiƙarsa a wata jaridar Leeds a 1830 kan yaran masaƙun Bradford, da bauta ya kwatanta halinsu. Na ga wasan zai yi tsawo, na tsallake. Ragwanci ne.

Sai ƙarshen wasa. A rubutun farko, kwamitin ɗan majalisa Michael Sadler ya saurari shaidar ma'aikata a 1832, Lord Ashley ya ɗauki maganar a majalisa, doka ta fito a 1833, kowa ya fito a yi rawa, a ja labule. Shugabar makaranta ta so shi haka, iyaye za su koma gida da farin ciki. Amma da na koma na karanta abin da dokar ta ƙunsa, sai jikina ya yi sanyi. Ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara tara a masaƙun auduga da ulu. 'Yan tara zuwa sha uku, awa tara a rana, da awa biyu na karatu. 'Yan sha uku zuwa sha takwas, awa goma sha biyu. Sufeto huɗu aka naɗa wa ƙasar baki ɗaya. Gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa a Ingila ba sai 1837, don haka likita ne zai dubi jikin yaro ya ba da takardar cewa ya kai. Awa goman da ma'aikata suke ta nema kuwa, sai 1847 aka samu, ta hannun John Fielden, wanda shi ma mai masaƙa ne. A lokacin yarinyata ta wuce ashirin.

Na ce wa shugaba, "Hajiya, a yi haƙuri, rawar nan ƙarya ce." Ta ce in yi yadda na gani, amma in iyaye suka yi ƙorafi ni zan amsa. A sabon ƙarshen, sufeto ya shigo, ganga ta yi shiru. Ya duba takardu, ya sallami yara biyu, da gaske kuma sun tafi, don dokar ta yi wani abu. Yana fita heluma ya ɗaga murfin kwandon auduga, yarinyarmu ta fito daga inda aka ɓoye ta, ta durƙusa ta shige ƙarƙashin inji. Ganga ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ranar wasan, da aka ja labule, zauren ya yi tsit na ɗan lokaci har na zaci mun faɗi, sannan tafi ya ɓarke. Ana watsewa wani dattijo, kakan ɗaya daga cikin masu amshi, ya tare ni a bakin ƙofa. Ya yi aiki a masaƙun Kakuri, nan Kaduna, kafin a rufe su. Na rusuna na ce, "Baba, yaya ka gani?" Ya ce, "Ɗana, kun yi ƙoƙari, amma yaranku suna jin juna. A ɗakin saƙa ko ihu ka yi ba mai ji. Leɓe muke karantawa."

Na san masaƙan Lankasha ma haka suke yi, na taɓa karantawa, amma bai faɗo mini ba tunda kaina na kan waƙa. Na buɗe littafin wasan a tsaye, na ja layi a kan baiti na biyu na waƙar ɗaurin zare, na rubuta a gefe: a nan baki kawai zai motsa.