Kafin ka ɗaga waya a Dutsin-Ma

Ƙannena masu son hoto, idan hanya ta bi da ku ta Dutsin-Ma, ku tsaya. Daga Katsina ta Kurfi ba wata doguwar tafiya ba ce, kuma dutsen da garin ya ci sunansa ya isa a sauka daga mota dominsa. Mutanen gari suna cewa wani mafarauci mai suna Ma ne ya fara zama a wurin. Yadda za ku tsaya ɗin ne nake so mu tattauna, don ni da farko ban iya ba, har na ɓata wa bayin Allah rai.

Ran Laraba na je, ranar kasuwa. Ina sauka, ko sallama ban yi ba, na saita waya a kan wasu mata masu tallan fura da nono, saboda ƙorensu sun yi kyau da dutsen a bayansu. Ɗaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani dattijo da ke zaune a rumfa ya yafito ni.

"Ɗana, daga ina?"

Na ce, "Daga Katsina, Baba."

Ya ce, "Haka ake yi a Katsina? Ka gaishe su? Ka san ko matan aure ne?"

Ban sami amsa ba. A gabansa na goge hotunan, na je na ba su haƙuri. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin da ƙanwata aka yi wa haka, ba zan ji daɗi ba. Matar nan abinci ta fito nema, kuma hoton da ya hau Facebook ba ya dawowa. Yana iya kaiwa ga mijinta ko surukanta da wani bayani daban.

Don haka ku fara da gaisuwa. Ku sayi wani abu, ku zauna, ku faɗi sunanku da abin da ya kawo ku. Wanda ya ce a'a, ku bar shi. Yara kuwa, sai da yardar iyayensu. Dattijon nan shi ne daga baya ya haɗa ni da jikansa, yaron ya bi da ni ta lungunan da ni kaɗai ba zan taɓa ganowa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a yanzu. Yankin nan, har zuwa Safana da Batsari, ya sha wahalar 'yan bindiga. Baƙon da ba a sani ba, yana ɗaukar hanyoyi da duwatsu, ana iya zarginsa da kai musu rahoto, kuma mutane suna da dalilin tsoro. Kafin ku hau dutse ko ku nufi madatsar ruwa ta Zobe, ku sanar da mai unguwa, ku tambayi halin da ake ciki a ranar. Shingen jami'an tsaro ko kusa kada ku ɗauka. Ku kamo hanyar gida da sauran rana.

Batun haske gajere ne. Da tsakar rana dutse fari fat yake fitowa. Hantsi ko la'asar ke ba shi inuwa da kama. Lokacin hazo kuma ku matsa kusa, abin nesa ba ya fita.

Wani sakacin da na yi, ban rubuta komai ba. Ina da hoton wani maƙeri da ya ba ni izini da fara'a, amma ban san sunansa ba, ban karɓi lambarsa ba, ban taɓa aika masa ba. Tun da aka kafa jami'ar tarayya a 2011 garin ke sauya kama, kuma da na koma ban gane rumfarsa ba. Ku rubuta suna da unguwa da rana tun kuna wurin, ku wanke hoton, ku ba direban motar Laraba ya kai wa mai shi.