Agarata, matakalar bene da watannin da babu gasa

A Leeds, a watan Disamba, rana ba ta fitowa sai takwas ta gota, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma an kira magariba. Saboda haka idan na idar da sallar asuba, waje duhu ne dunɗum. A wannan lokacin nake zuwa in tsaya a matakalar bene ta biyu, yatsuna a bakin matakalar, dunduniya a sarari. In ɗaga jikina da ƙafa biyu, in ɗauke ta dama, sannan in sauke dunduniyar hagu a hankali, a hankali, har ta yi ƙasa da matakalar. Sau goma sha biyar, in huta, in sake, har zagaye uku. Daga nan in maimaita duka da gwiwa a ɗan lanƙwashe. Da daddare ma haka. Idan aka haɗa, sau 180 ke nan a rana, kuma mako goma sha biyu aka yanka mini don jinyar ciwon agarar ƙafata. Yau ina cikin na takwas.

Autarmu ce take ƙirga mini. Da ta ji motsina sai ta fito da bargonta ta zauna a saman benen, ta tallabe haɓa. Yarinyar da muke fama da ita ta yi Hausa a gida, yanzu ƙirga har sha biyar ba ta tuntuɓe. Idan na yi saurin saukewa sai ta ce, "Abba, wannan ba ya ciki, sake." Kuma gaskiyarta, don amfanin abin yana cikin jinkirin ne.

Ga wanda bai san abin da ya kai ni nan ba, wasan da nake yi shi ake kira tirayatalon: ninkaya, tseren keke da gudu, a jere, ba hutu a tsakani. Ko lokacin da kake tuɓe rigar roba ta ruwa kana neman hular kwano, agogo yana tafiya. Ƙaramin zango shi ne mita 750 a ruwa, kilomita 20 a keke, kilomita 5 a ƙafa. Na Olamfik ninkin wannan ne: mita 1,500, kilomita 40, kilomita 10. Babban kuwa, wanda ake kira Ironman, kilomita 3.8 ne a ruwa, 180 a keke, sannan gudun famfalaki cikakke, kilomita 42.2. A Hawaii aka fara shi a 1978, mutum 15 suka tashi, 12 suka ƙarasa. Ni ban kai can ba, kuma ba sana'ata ba ce. Ina da aikin ofis, ina da iyali, shekarata arba'in da ɗaya.

Zaman Leeds ne ya jawo. Nan ne garin 'yan'uwan nan biyu, Alistair da Jonny Brownlee. Alistair ya ci zinaren tirayatalon a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ya sake ci a Rio a 2016, inda ƙanen nasa ya zo na biyu. A 2021 na kai yara kallon gasar duniya a Roundhay Park, wadda Alex Yee ya lashe. Sai dai ba gwanayen ne suka tsaya mini a rai ba. Masu sha'awa irina ne da su ma suka yi tasu gasar a wurin: masu furfura, masu tumbi, wata mata da ta kai sa'ar yayata, suna fitowa daga tafki suna haki, fuska cike da murna. A lokacin ko tsawon kwamin ninkaya ɗaya, mita 25, ba na iya yi. Watan da ya biyo baya na shiga ajin manya masu koyon ninkaya.

Ciwon agarar nan ni na janyo wa kaina. Tun daga bazara na ɗauki wata ɗabi'a: duk gudun da zan yi sai na doke na jiya. Agogon hannuna yana tura komai zuwa Strava, manhajar da masu motsa jiki ke saka atisayensu, abokai suna gani, ni kuma ba na son a ga na yi sanyi. A wata ɗaya na ƙara nisa, na ƙara hawan tudu, don Yorkshire, yankin da Leeds take, ba ta da ƙarancin tuddai, na kuma sauya takalmi zuwa mai ƙaramar dunduniya. Cikin Yuli na fara jin wani abu da safe. Takun farko daga gado zuwa banɗaki, bayan ƙafata ya riƙe kamar an ɗaure shi da tsirkiya. In na yi minti biyar ina zirga-zirga sai ya saki. In na fita gudu, kilomitar farko da zafi, daga nan shiru. Wannan shirun ne ya yaudare ni har wata biyu. A gasar ƙarshe ta bana, cikin Satumba, zangon Olamfik, na fito daga ruwa lafiya, na sauka daga keke lafiya, amma kilomita ukun ƙarshe da ɗingishi na yi su. Na karɓi lambar kammalawa, na zauna a kan ciyawa, na cire takalmi, na taɓa wurin na ji ya yi kauri kamar an cusa ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata.

Likitar gashi da na je wurinta ta yi mini bayanin da har yanzu nake juyawa a raina. Ta ce zuciya da huhu da tsoka suna saurin sabawa da wahala, cikin makonni sai ka ji ka ƙara ƙarfi. Agara kuwa jinin da ke kai mata kaɗan ne, saboda haka watanni take ɗauka kafin ta kamo su. Numfashinka yana ce maka ƙara, ita kuma tana baya ba ta iso ba. Na ɗauka za ta ce in kwanta in miƙe ƙafa, sai ta ce a'a, kwanciya kawai ba ta gyara agara, nauyi take so, amma da awo. Atisayen matakalar nan wani likita ɗan Sweden mai suna Alfredson ne ya fito da tsarinsa a 1998. Ta kuma ba ni ma'auni ɗaya: ɗan zafi lokacin atisaye ba laifi, muddin washegari da safe bai fi na jiya ba. Tun daga ranar takun farko na safiya ya zama alƙalina.

Mako biyun farko bayan gasar ban yi komai ba, kuma ban taɓa zaton hutu zai yi mini wuya haka ba. Ƙarfe biyar idona ya buɗe, jiki yana neman abin da ya saba. Ci bai ragu ba, barci ya lalace, ƙaramin abu sai ya ɓata mini rai. Ranar wata Lahadi muna cin tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da aka aiko mana daga gida, sai uwargida ta dube ni ta ce, "Abban yara, ka san rabonka da cin abincin rana da mu ranar Lahadi? Tun Afrilu." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ma ya shige ni. Lahadi ita ce ranar doguwar tafiyata a keke, awa huɗu, wani lokaci biyar, in dawo a gajiye in yi wanka in kwanta. Duk wannan lokacin ita ke kai yara Islamiyya, ita ke cefane, ita ke karɓar baƙi. Ina ƙirga kilomita, ban taɓa ƙirga wannan ba. A tsarin da na rubuta na baɗi, abin da na fara sakawa shi ne Lahadi biyu a kowane wata babu keke, kuma ita ce za ta zaɓe su.

Hajiyarmu kuma damuwarta daban. Ba gudun ne ya dame ta ba, ruwan ne. Muna yara a Zariya ta hana mu zuwa kududdufi tun ranar da aka tsamo gawar wani yaron unguwarmu da damina. Shi ya sa na girma ban iya ruwa ba, kuma ban ga laifinta ba. Duk lokacin da muka yi waya takan tambaya, "Har yanzu kana shiga kogin nan?" In ce mata, Hajiya, akwai masu tsaro a cikin kwalekwale, kuma rigar robar tana ɗaga mutum sama. Sai ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah ya tsare. Ka riƙa addu'a kafin ka shiga." Ina yi kuwa, kowane lokaci.

Tunda ƙafa ta hana gudu, hunturun bana na ruwa ne. Sau uku a mako nake zuwa kwamin ninkaya kafin aiki. Wanda ya koyi ruwa da girma matsalarsa ba ƙarfi ba ce, tsoro ne da ya ɓuya a jiki. Ni nawa a numfashi yake fitowa: sai in riƙe iska a ƙirji, in ɗaga kai sama don in shaƙa, da kai ya ɗagu kuwa ƙafafu sun nutse, sai ka zama kamar mai jan buhu a bayansa. Mai koyar da mu ya sa ni komawa aikin 'yan koyo. In kwanta a gefe ɗaya, hannu ɗaya a miƙe, kunne a cikin ruwa, ido ɗaya a ciki ɗaya a waje, ina fitar da iska ta hanci ba tsayawa. Makon jiya, a karon farko, na yi mita 400 ina jin ƙafafuna suna taɓa saman ruwa, na kai bango ban yi haki ba. Na daɗe riƙe da bakin kwamin ina jin daɗin abin. Yanzu mita ɗari tana cin mini minti biyu da daƙiƙa ashirin. Burina kafin Mayu in rage goma ba tare da na ƙara wahala ba.

Keken yana gareji, na cire tayar baya na kafa shi a kan na'ura, ga fanka a gaba, ga tawul a kan kan keken, don gumi yana cin ƙarfe. Fita titi yanzu sai jefi-jefi. Gishirin da ake watsawa saboda ƙanƙara yana lalata kaca da birki, ga duhu, ga santsi. Abin da ya canza bana shi ne yadda nake tuƙin. Wani masani mai suna Stephen Seiler, da ke aiki a Norway, ya bibiyi yadda manyan 'yan wasan juriya suke atisaye, ya ga kusan kashi 80 cikin ɗari na aikinsu a sauƙaƙe suke yin sa, ɗan ragowar ne kawai mai tsanani. Ni kuwa kullum ina tsakiya: bai yi sauƙin da jiki zai murmure ba, bai yi tsananin da zai ƙaru ba. Ma'aunina yanzu shi ne magana. Idan ba zan iya amsa waya in yi cikakkiyar gaisuwa da ɗan'uwana ba tare da numfashi ya sarƙe ba, to na wuce gona da iri, sai in sassauta giya. A ganina duk mai sha'awa irina da ke da aiki da iyali, wannan ya fi masa sabon keke amfani.

Sai ɗaga ƙarfe sau biyu a mako don cinya da ƙugu da sha-raɓa, da kwanciya kafin goma da rabi, da ƙwayar bitamin D, wadda hukumar lafiya ta nan ta ba da shawarar a riƙa shan maikurogiram 10 kullum da kaka da hunturu, masu baƙar fata irinmu kuma duk shekara. Ranar Asabar ƙarfe tara ina zuwa Woodhouse Moor, inda ake gudun kilomita biyar na kyauta da ake kira parkrun. Ba na gudu, tsayawa nake a kwana ina nuna hanya ina tafa wa mutane. Daga nan nake ganin na ƙarshe-ƙarshen, waɗanda da can ba na ganinsu saboda na riga na tafi gida.

Gasar da na sa a gaba ita ce ta rabin Ironman da ake yi a Nottingham cikin Mayu, a tafkin Holme Pierrepont: mita 1,900, kilomita 90, kilomita 21.1. Azumi zai kama bayan tsakiyar Fabrairu, sallah wajen 20 ga Maris, wato saura kamar mako takwas ke nan a shiga ruwa. Saboda haka dole a gina tushen tun yanzu zuwa ƙarshen Sha'aban. A cikin azumi ba na neman ƙaruwa, riƙe abin da na tara kawai nake so. Keke mai sauƙi na minti arba'in dab da shan ruwa, yadda zan sauka dabino da kunu suna jirana. Ninkaya da rana na ajiye ta gaba ɗaya, don ba na son shakka a azumina, sai dare ɗaya ko biyu a mako idan na samu wurin da ke buɗe. Goman ƙarshe kuwa babu komai a jadawalin.

Akwai wani dalilin da ya sa na zaɓi Nottingham. Can ne mahaifar keken Raleigh, kuma sai a 2002 aka daina ƙera shi a garin. Marigayi mahaifinmu yana da ɗaya, baƙi, mai rufaffiyar kaca, da shi yake zuwa aiki. Duk Juma'a da safe yakan juya shi ya ɗora a kan sirdi, ya goge sifoka ɗaya bayan ɗaya da tsumma, ya ɗiga mai. A kansa na koyi tuƙi, ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya don ban kai sirdi ba. Allah ya jiƙansa. Ina so in tuƙa kilomita casa'in ɗin nan a ƙasar da aka ƙera kekensa.

Jiya likitar ta ba ni izinin fara sassarfa: minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, sau takwas, a shimfiɗaɗɗen wuri. Yau da azahar na yi a gefen tafkin Roundhay, na bar agogon a aljihu don ya riƙa yi mini ƙara kawai. Iska mai sanyi tana yanka kunne, agwagi sun taru a bakin ruwa. A zagaye na shida na ji ɗan ja a bayan ƙafar, bai ƙaru ba har na gama. Gobe da asuba in na sauko daga gado zan ji abin da takun farko zai ce. In bai fi na yau ba, ranar Alhamis in sha Allah zan sake yin takwas ɗin.